Shekarar da Na Ramar da Ƙosau

Damagaram, unguwar Birni.

Zuwa ga ƴata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin sauka Yamai lafiya, gajiyar hanya ta sake ki, gwaggonki kuma ta karɓe ki hannu biyu. Allah Ya tsare ki a garin da ba ki saba da shi ba, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin masu sharri. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Da idonki kika bar shi: ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, mutanen ƙauye sun fara shigowa gari da ƙullin kayansu. Wata magana ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da za ki tafi, muna zaune a zaure, kika miƙo mini salularki kika ce in karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin sabon zanen Ƙosau da ke da abokan aikinki kuka fitar. Na karanta. Wani ya ce kun kashe masa yarintarsa. Wata ta ce wannan siririn yaro mai tabarau da takalman ƙwallo ba Ƙosau ba ne, ɗan wani babban mutum ne na Yamai. Wani kuma ya ce da mai zanen farko yana da rai da bai yarda da wannan wulaƙanci ba. Bai san ina raye ba, bai kuma san ƴata yake zagi ba. Kika ce, "Baba, wa ke da gaskiya, ni ko su?" Na ce ki tashi kar mota ta bar ki. Kika ɗauki jakarki kika fita. Bakina ne bai iya maganar ba. Ga ta nan a rubuce, ki yi haƙuri da tsawonta.

Ke a tele kika san Ƙosau, ba ki ga farkonsa ba. Kafin a haife ki, rubutun allunan shaguna nake yi. Abokina Habu, Allah Ya jiƙansa, shi ke kula da majigi a gidan matasa. Shi ya ce idan na zana hotuna a kan gilashi zai haska su a jikin farin ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya yi muryoyin da bakinsa. Haka Ƙosau ya zo duniya: yaro mai kumatu da tumbi, hularsa yagaggiya, kullum da wani abu a bakinsa. Ga akuyarsa Kyalla, wadda ba ta da aiki sai satar masa abinci. Labarin kusan ɗaya ne ko yaushe. Ƙosau ya ɓoye dawon fura, Kyalla ta gano, su yi ta tsere, daga ƙarshe su zauna su raba. Bayan magariba mukan ɗaura ƙyallen a Birni ko a Zango, wani lokaci kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kai mu Gaffati da Droum da Gouna. Yara sukan yi dariya har su kwanta a kan rairayi. Daga baya injin wutarmu ya lalace, ba a gyara ba, wasan ya tsaya tsawon wasu shekaru.

Sai aka yi farin nan da kike jin manya suna ambata su yi shiru. Dabbobi suka faɗi a bakin hanya. Mutane suka baro garuruwansu suka kafa bukkokin kara da tsummoki a bayan gari, inda ake rabon jar dawa ta taimako. A lokacin ne shugaban biro, wato ofishin da ke kula da gidan matasa, ya kira ni da Habu. Ya ce an sami sabon inji, ana so a dawo da Ƙosau, amma da darasi a ciki: a koya wa mutane su sayar da dabbobinsu tun suna da nama a jiki, kar su jira su mutu. Iyakar abin da ya nema ke nan. Sauran duk daga kaina ya fito.

Na zauna zan zana kumatun nan, hannuna ya ƙi. Na ce a raina, da wane ido zan nuna yaro ƙosasshe ga yaran da haƙarƙarinsu ke waje? Na ga abin kamar izgili. Sai na tsotse masa kumatu, na cire tumbin, na zurma idanun, na bar rigar tana reto a jikinsa. Na ji daɗin aikin ƙwarai, don a ganina gaskiya na zana.

Da Habu ya gani ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ilu, wace murya zan yi wa wannan? Ni muryar mai ƙoshi na iya."

Na ce, "Ka koyi ta mai yunwa. Ai ita ke ko'ina."

Ya ce, "Shi ya sa ba sa bukatar mu kawo musu ita."

Na ce masa shi bai fahimci zamani ba.

A wancan sansanin na bayan gari muka fara nunawa. Tun muna ɗaura ƙyalle yara suka gane mu, suka yi ta kiran juna, "Ƙosau ya dawo! Ƙosau ya dawo!" Waɗanda ba su iya gudu aka ɗauko su a kafaɗa. Ban taɓa ganin taron yara haka ba, kuma tun da farin ya soma ban ji hayaniya mai daɗi kamar wannan ba. Habu ya tada inji, hoton farko ya fito. Wurin ya yi tsit. Ina jin ƙarar injin kawai. Can wata yarinya a layin gaba ta juya ga wadda ke riƙe da ita ta ce, "Inna, shi ma bai ci ba?"

Babu wanda ya yi dariya har muka gama. Ba su tashi ba kuma. Sun zauna sun kalla, kamar yadda ake zama gaban mara lafiya.

Uwani, ga kuskurena na farko. Na yanke wa mutane hukuncin abin da ya dace da su ban tambayi ko ɗaya ba. Ina zaune a ɗakina, cikina da ɗan abin da na ci, na ji kunya, sai na ɗauki kunyar tawa na ɗora wa yaran da ba su nema ba. Su ba hotonsu suka zo gani ba, sun san kamanninsu. Sun zo ne su ga akwai sauran yaro ɗaya a duniya da ke ci yana ƙoshi. Don haka duk abin da za ki canza a jikin Ƙosau, ki fara tambayar kanki: wa ya roƙa? Idan amsar ita ce ke, ko abokan aikinki, ko wanda ya ba ku aikin, to ba laifi ba ne, amma ki san haka ne. Kar ki ce don yara kika yi.

Na biyu ya fi wannan nauyi.

A ƙarshen wasan na zana Ƙosau ya ja Kyalla zuwa kasuwa ya sayar, ya dawo da ɗan buhun hatsi. Darasin ke nan da aka nema. Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Na fito na tarar da wani mutum dogo, rigarsa ta koɗe, ya ce sunansa Mamman, daga Droum yake, a sansanin yake zaune da iyalinsa. Muka gaisa, bai yarda ya zauna ba.

Ya ce, "Malam, kai ne mai zanen?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Ina ka kai akuyar?"

Na yi murmushi, na ɗauka wasa yake yi. Shi bai yi murmushi ba. Ya ce yana da ɗa, Sabo, bai kai shiga lakwal, makarantar boko, ba. Suna da akuya guda da yaron ya shaƙu da ita, tare suke kwana. Da abin ya yi tsanani ya sayar da ita a hanya, ya ce wa yaron ta tafi gidan Ƙosau ne, wurin Kyalla, inda ake da dusa. Yaron ya yarda, ya daina kuka. Jiya aka ɗauko shi ya zo kallo, yana sa ran ko zai hango tasu akuyar a bayan Kyalla. Sai ga shi Kyallar ma an sayar.

Mamman ya ce, "Tun jiya bai yi magana ba. Ba shi da lafiya dama, zawo ke damunsa. An ba shi kunu ya kau da kai. Ka mayar da ita, Malam. Ko a takarda ce ka zana mini in kai masa, ya ga ta dawo."

Muryarsa ta ɗan hau sama, maƙwabta suka fara leƙe. Abin da na ji ke nan, hawan muryar, ban ji maganar ba. Raina ya ɓaci. Na tsaya na yi masa bayani mai tsawo, cewa wannan aikin wayar da kai ne, cewa irin riƙon dabbobin da suke yi ne ya jawo musu asara, cewa yaro gara ya san gaskiya tun yana ƙarami. Har kalmomin Faransanci na jefa masa, ni da ban yi nisa a lakwal ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ni ban zo gardama ba. Takarda na roƙa." Na ce masa aiki ya yi mini yawa, ya dawo wani mako.

Zanen Kyalla ba ya ɗaukata lokacin shan shayi. Ido rufe nake yinsa.

Bai dawo ba. Mu kuma aka tura mu Gouna da wasu ƙauyuka. Ko'ina muka je, shirun nan ne. A wani gari wata tsohuwa ta tare kamiyonmu ta ce, "Ku da Allah, me yaron nan ya yi muku?" A hanya Habu ba ya yi mini magana sai ta dole. Da muka dawo, maganar Mamman ta hana ni sukuni. Na ɗauki takarda na zana Kyalla da ƙiba, na sa wata ƴar akuya a gefenta suna cin dusa a ƙwarya ɗaya. Na tafi sansanin ina tambayar mutanen Droum, har aka nuna mini bukkarsu.

Mamman ba ya nan, ya tafi layin hatsi. Matarsa na tarar tana zaune a ƙofa, ba ta yin komai. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne, na miƙa mata takardar na ce ta Sabo ce. Ta karɓa da hannu biyu, ta duba sosai, har ta shafa bayan ƙaramar akuyar da yatsa. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Ta yi kyau, Malam. Amma ba ni da wanda zan nuna wa. Shekaranjiya aka kai shi."

Ban ce zanena ne ya kashe yaron nan ba. Ciwo ne, da yunwa, da ƙarewar kwana. Yara da yawa sun tafi a watan nan waɗanda ba su taɓa ganin majigi ba. Amma an roƙe ni abu ƙarami a lokacin da yake da amfani, na hana, saboda ban ji daɗin yadda aka roƙa ba.

Shi ya sa da na karanta zage-zagen da ke cikin salularki ban iya taya ki fushi ba. Akwai marasa kunya a cikinsu, waɗanda zagi ne sana'arsu, waɗannan ki wuce su. Amma ki duba shekarun mafi yawansu. Yaran nan ne da suka zauna a kan rairayi a gabanmu. Yanzu sun yi furfura, suna da nasu ƴaƴan. Da yawansu akwai ƙane ko ƙanwa da suka zauna kusa da su a wurin kallon, waɗanda ba su kai kaka ba. Mutum ba zai iya rubuta wannan a salula ba. Abin da zai iya rubutawa shi ne, "Kun ɓata mana Ƙosau." Idan wani ya zo miki da ihu, ki bar ihun ya wuce, ki saurari abin da ya rage. Idan abin da yake so bai fi ƙarfinki ba, ki yi masa a ranar. Kar ki ce wani mako.

Kada ki ɗauka daga nan na yi hankali. Wani kuskuren na faɗa.

Na koma gida na farfasa gilasan ramammen Ƙosau. Na mayar masa da kumatu da tumbi, na dawo da Kyalla, na cika masa akushi da tuwo har yana zuba. Muka koma sansanin. Yara sun yi dariya, gaskiya ne, kuma na ji sanyi a raina. Amma ana cikin kallo wani yaro ya fashe da kuka yana miƙa hannu wajen akushin da ke jikin ƙyalle. Uwarsa ta rarrashe shi ya ƙi. Sai ta tashi ta dumbuzi ƙasa ta watsa wa ƙyallen, ta ce, "Ku ji tsoron Allah! Da me zan ba shi haƙuri yanzu?" Ta saɓa ɗanta ta tafi.

Ita ma tana da gaskiya, Uwani. Na ramar da shi na cuci wasu, na ƙosar da shi na cuci wasu. A shekarar yunwa babu zanen da ba ya taɓa ciwon wani. Da a ce na karɓi wannan na ci gaba da aiki da ido a buɗe, da ya fi. Sai tsoro ya shige ni. Na yi alkawari a raina cewa ba zan sake taɓa ko gashi ɗaya a jikin Ƙosau ba.

Na cika alkawarin, kuma shi ya kashe wasan a hannuna. Fari ya wuce, aka ɗauki hotunan aka kai tele, duniya ta yi ta canzawa, Ƙosau yana nan da yagaggiyar hularsa yana bin akuya a kan dawon fura. Habu ya yi ta roƙona mu yi masa ƙanwa, don ƴan mata suna tambayarsa me ya sa babu mace a wasan. Na ƙi. Ya ce mu kai shi lakwal, ko mu sa shi ya hau mota sau ɗaya. Na ƙi. Ranar da ya gaji ya ce, "Ilu, ba tsaron yaron nan kake yi ba, binne shi ka yi a tsaye." Ya ajiye aikin. Mun ci gaba da gaisawa a masallaci, amma bai sake shiga ɗakin zanena ba har ya rasu. Bayansa ban sami mai muryar ba, yara kuma suka koma kallon wasu abubuwa.

Kin tuna kina ƴar aji uku, kika ɗauki wani zanena kika ƙara wa Ƙosau tabarau da jakar lakwal, kika kawo mini da murna? Na karɓa na yayyaga a gabanki, na ce kar ki ƙara taɓa mini kaya. Kika daina nuna mini zanenki tun daga ranar, sai a wurin innarki nake gani a ɓoye. Ba zanen ne ya yi muni ba. Ya fi wanda nake yi a shekarunki kyau nesa ba kusa ba. Matar Mamman na gani tana miƙo mini takarda, ke kuma ba ki san da ita ba. Ki yafe mini wannan.

Saboda haka kar tsoron masu zagi ya daskarar da ke yadda ya daskarar da ni. Yaran yau ba su ne na jiya ba, suna da haƙƙin a yi musu nasu. Wanda ya girma da tsohon Ƙosau ya riga ya sami rabonsa, ba wanda zai ƙwace masa. Idan kika bi son ransa kaɗai, za ki yi wa masu furfura wasan yara, yaran kuma su tashi hannu wofi.

Kin tambaye ni wa ke da gaskiya. Ban sani ba, kuma na daina yarda da wanda ya ce ya sani. Abin da zan iya faɗa miki shi ne ra'ayina a kan zanen, tunda ban faɗa ba a zaure. Ƙanwar da kika yi masa ta burge ni, idanunta na da wayo, da Habu ya ganta da ya yi mata murya nan take. Tabarau ba su dame ni ba. Takalman ne ban so ba, don yaran da na sani a Gaffati ba za su ga kansu a cikinsu ba, amma wannan ke za ki duba. Ramar da kika yi masa kuwa, na san kin ce likitoci ba sa son a koya wa yara yawan ci. Wataƙila haka ne a Yamai. Ki dai tuna a wace shekara za ki fito da shi, da kuma su wa za su kalla da ciki wofi. Abu ɗaya kawai nake roƙo a matsayina na ubanki: ki bar masa akuyar.

Kafin ku gama, ki ɗauki abin da kuka yi ki kai wa yara, ba na abokan aikinki ba, yaran unguwar da ba a ɗora tukunya kullum. Kar ki tsaya a gaba kina bayani. Ki zauna a bayansu ki yi shiru. Za ki gane daga wuyansu da kafaɗunsu, tun kafin wani ya buɗe baki. Abin da kika gani a nan ya fi duk abin da za a rubuta miki a salula, ya kuma fi wannan takarda tawa.

Hannuna ya fara rawa, idona na hagu kuma hazo ne kawai. Ba zan ƙara zana shi ba. Naki ne yanzu, na ba ki da zuciya ɗaya, ki faɗa wa duk wanda ya ce mai zanen farko ba zai yarda ba. Idan kun gama kar ki turo mini ta salula. Ki kawo shi gida, mu tara yaran layinmu mu kalla tare. Idan kika ga na tashi a tsakiya na shiga gida, kar ki biyo ni, kar kuma ki tsayar. Ki bari yaran su kalla har ƙarshe.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci ko ranki a ɓace yake, innarki ta ce kin tafi ba ki karya ba. Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya sa albarka a hannunki, Ya ba ki haƙurin da ban samu ba sai da na tsufa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, manya da ƙanana, Ya kawo wa ƙasar nan sauƙi, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Ilu